Kan Burtu da Tukunyar Iri

Akwai wata murya da kunnena yake nema kowace safiya bai samu ba. Ba ta mutum ba ce, kukan burtu ne, babban baƙin tsuntsun nan mai tafiya a ƙasa kamar dattijon da ya fito duba gonarsa. Da gari ya fara wayewa namijin zai saki amo mai zurfi daga can cikin daji, kamar an bugi bakin babban tulu da tafin hannu, macen ta amsa masa, su yi ta yi har rana ta fito. A ƙauyenmu, yamma da Runka a bakin dajin Rugu, wannan kuka ne yake bin bayan kiran salla, sa'an nan turame su karɓa, sa'an nan a ji guga yana faɗawa rijiya. Shekaruna ba su kai na mai ba da labarin dā ba, ko furfura ban fara ba. Amma duniyar da na tashi a cikinta ta riga ni tsufa, har ta riga ni mutuwa, saboda haka dole in yi maganarta yadda tsofaffi suke yi. Yau gidajenmu kango ne, mun tattara mun koma Batsari, dajin kuwa ya zama wurin da ba a ambatonsa sai an rage murya. Abin da yake tashin mutane da safe yanzu ƙarar babur ce, kuma kowa sai ya kasa kunne ya ji ko ɗaya ne ko da yawa ne kafin hankalinsa ya kwanta.

A zamanin ƙuruciyata daji rumbu ne na biyu. Mata suna shiga su yi itace, su tsinto kanya da taura da ɗinya, yara su bi awaki har gindin duwatsu, Fulani su sauka da shanunsu a gonakinmu bayan girbi, su ci kara su bar mana taki, a yi musanyar nono da hatsi a ƙofar gida ba tare da wani ya tsargu da wani ba. Mu kuwa gidanmu gidan harbi ne. Kakana, mahaifin babana, maharbi ne ɗan maharbi. Iyayensa a kan addinin gargajiya suka rayu suka mutu, shi ya musulunta yana magidanci, ya kuma riƙe salla da kyau, amma bai taɓa shiga daji bai yi masa sallama ba, bai kuma taɓa yarda a harbi burtu ko a shigo da namansa gidansa ba. Yakan ce tsuntsun da muke aron fuskarsa mu ci abinci, rashin kunya ne mu ɗaga masa bindiga.

Aron fuskar nan yana bukatar bayani ga wanda bai gani ba. Ana sassaƙa icce a lanƙwashe kamar wuyan burtu, a lulluɓe shi da baƙar fata, a ɗora masa bakin burtun da aka tsinta matacce, a manna jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a gefen kan. Maharbi ya ɗaura shi a goshi da igiyar fata, ya yafa baƙin zane a bayansa, ya durƙusa ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai yana saran ƙasa da bakin kamar mai kiwo. Naman daji ya saba ganin burtu kusa da shi, ba ya gudunsa, ta haka maharbi yake matsawa har bindigar toka ta iya kaiwa, don ita ba ta cin nesa. Ina ɗan saurayi na iya wannan sanɗa, na kuma kawo gada da zomo da ita ba sau ɗaya ba.

Farauta kuwa iri biyu ce a shekara. Akwai ta farkon rani, bayan an yi buɗar daji, wadda ake fita gari guda da karnuka da kulake, ana kaɗa gangi ana kirari, nama yana da yawa kuma bai waye ba, ko rago ma yakan dawo da abin miya. Akwai kuma ta bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙone, rafuka suka ƙafe, zafi ya kori kowa zuwa inuwa. A lokacin duk naman da ya rage a daji wanda ya tsira ne daga kare da tarko da harsashi, ya koyi duk abin da mutum ya sani. Wa'adinta ruwan farko. Da ya sauka Sarkin Baka, shugaban maharba, yake rufe daji, kowa ya rataye bindiga ya ɗauki sungumi. Kakana ba ya ƙirga ta farko a cikin farauta, yakan kira ta biki.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a kan ɗan abin da ya tsira. Na ga gona da safe tsanwa shar, kafin la'asar ta koma sanduna a tsaye. Abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Babana ya tafi cin rani kudu, kafin ya tafi kuwa ya zaɓi zangarniyoyin gero mafi kyau daga cikin ɗan abin da fara ta bari, aka sussuke, ya zuba a wata tukunya tare da toka, ya yaɓe bakinta da laka da hannunsa, ya ajiye ta a ƙuryar ɗakin Inna. Ba gero ba ne irin na kasuwa. Wani iri ne gajere mai saurin nuna da kakannin kakana suka zo da shi, yana isa yanka tun geron maƙwabta yana fure. A shekarar nan gidajen da suke da shi duk sun cinye nasu, ya zamana abin da yake cikin tukunyar nan shi kaɗai ya rage. Babana ya ce ko mene ne ya faru, kada a fasa ta sai ƙasa ta jiƙa.

Faɗar wannan tana da sauƙi da kaka. Da bazara ta kama, saƙon babana ya yanke, muka koma cin dusa da busasshiyar tafasa da yaɗiya, yara suna gwaguyar goruba har dasashinsu ya yi jini. Ƙanwata ta bar wasa, ƙafafunta suka fara kumbura. A irin wannan hali ne labari ya zo cewa an ga sawun gwanki a wata fadama cikin daji, inda ɗan ruwa ya rage a gindin wani dutse. Mu yaran lokacin a baki kawai muka san gwanki, an daɗe ba a gan shi a wajenmu ba. Dabba ce da ta kai doki tsayi, mai ƙahoni a lanƙwashe zuwa baya, mai zanen fari da baƙi a fuska. Wannan wani tsohon namiji ne shi kaɗai, da alama ƙishirwa ce ta koro shi daga nesa. Namansa in an yi banda zai iya sauya mana hatsin da zai kai mu ruwa. Maharban garinmu duk suka gwada, har da taubashina, ɗan goggona, wanda ya fi ni hannu da bindiga. Kowa ya dawo da magana ɗaya: da ya hango kan burtu, tun daga nesa, sai ya juya ya bi iska.

Ni ma na je, don na ɗauka sauran gaggawa suka yi. Na rarrafa a hankali, iska tana fuskata, ban taka ko busasshen ganye ba. Ya ɗaga kai ya dube ni duba ɗaya, ya yi huci, na ji kofatonsa yana nisa. Na dawo gida, na tarar da Kaka a gindin darbejiya. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, shi kuma bai taɓa barin nasa ya wuce ba. Ya ce, “To, gwauro, ina naman? Ko ka bar shi a ƙofar gida don ya fi ƙarfin zaure?” Na faɗa masa yadda aka yi. Ya yi dariya har tari ya kama shi, sa'an nan ya ce, “Tun kana goye kake jin kukan burtu. Ka taɓa jin ya yi kira ba a amsa masa ba? Burtu da matarsa yake yawo. Wanda duk aka gani shi kaɗai, ko matarsa ta mutu, ko akwai bindiga a ƙarƙashinsa. Gada ba ta san wannan ba, tsohon gwanki ya sani. Kai a gari gwauro, a daji ma gwauro, wa zai yarda da kai?”

Na ce, “Ai kai ma, Tsoho, tun da matarka ta rasu gwauro ne. Tashi mu je mu zama biyu.” Ya ce da ƙanensa suke yin haka a zamaninsu, kan burtu biyu, ɗaya yana bin ɗaya, amma yanzu gwiwoyinsa ko don salla ba sa lanƙwasuwa, a zaune yake yi. Na tafi wajen taubashina na roƙe shi ya ɗauko nasa kan mu fita tare. Ya riga ya fid da rai, ya kuma ji haushin a ce ni zan koya masa. A wasan taubasai ni ne bawansa, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ni in zama matar bawana? In dangi kake nema, ga burtu na gaske can biyu suna kiwo a fadamar. Je ka roƙe su su ɗauke ka ɗa.” Mutanen da suke wurin suka yi dariya. Ni ma na yi, amma ina tafiya gida maganar tana bina. Na tuna sau da yawa nakan ga burtu uku, uwa da uba da ɗansu da ya girma bai rabu da su ba, yana biye a baya yana kwaikwayon abin da suke yi.

Da na faɗa wa Kaka abin da nake nufi, bai yi dariya ba. Ya ce shi bai taɓa yi ba, bai kuma ji wanda ya yi ba, don burtu ya fi kowane nama ido. Amma in zan gwada, in bar bindigar a gida, domin albarushin da ya rage mana ɗuri ɗaya ne, yatsan mai jin yunwa kuwa ba abin amincewa ba ne. Ya ɗauke ta ya sa a ƙarƙashin tabarmarsa.

Haka na fara fita daji ba makami, ba don in kashe komai ba, sai don tsuntsaye biyu su saba da ni. Na gano itacen ƙiryar da suke kwana a kai, nakan isa tun ba su sauko ba, in durƙusa daga nesa in jira. Kwanakin farko ko kallo na biyu ba sa yi mini, sai su miƙe su yi gaba da dogon takunsu, in na matsa su tashi sama. Na gane ba kamannina suke ƙi ba, halina ne. Burtu ba ya nufar wuri kai tsaye. Yakan taka kaɗan ya tsaya, ya kifar da busasshen kashin shanu ya duba ƙarƙashinsa, ya koma inda ya baro, ya yi tsaye shiru kamar ya manta abin da ya fito yi. Ni kuwa ko ina saran ƙasa, jikina duk yana nuna akwai inda nake so in kai. Sai na koyi kiwo da gaske. Nakan sa wa raina cewa ƙwaron da yake ƙarƙashin wancan dutse shi ne bukatata a duniya, in je in kifar da dutsen da bakin icce, in duba. Rana tana dukan baƙin zanen har in ji kamar an kifa mini tukunya mai zafi. Tsumman da na ɗaura a gwiwa ya cinye, fata ta saluɓe, ta yi ɓawo, ta sake saluɓewa. Igiyar ta yi mini shaida a goshi, wuyana ya ƙage, in na miƙe da yamma sai na daɗe kafin bayana ya yarda.

A gari kuwa na zama abin nishaɗi, a lokacin da nishaɗi ya yi tsada. Tsofaffin da suke zaune a bakin masallaci, bayan sun amsa gaisuwata cikakkiya, da gajiya da gida da zafi, sai ɗayansu ya ƙara da tambayar yaya na baro iyayen nawa na daji. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni yana cikin gida. Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma fuskantata da magana. In tana da abin faɗa mini, sai ta faɗa wa ƙanwata ko bango, ni kuwa in ji. Wata yamma na shigo da ɗan ƙullin yaɗiya, ta karɓa ba ta duba ba, ta juya wajen ƙanwata da take kwance a tabarma ta ce, “A gaya wa mai bin tsuntsaye, ni ban haifi 'ya'ya don in binne su in bar gero ba. Ranar kasuwar Runka, in rana ta faɗi ba abin da ya shigo gidan nan, zan fasa tukunyar. In mai gidan ya dawo, ya yi yadda ya ga dama da ni.” Ba ta ɗaga murya ba. Har yau kuma ban ga inda ta yi kuskure ba.

A cikin kwanakin nan ne tsuntsayen suka fara sakin jiki. Tazarar da take tsakaninmu ta yi ta raguwa, har wata hantsi macen ta zo ta cafke wani ɗan ƙadangare dab da hannuna. Ta karkata kai ta dube ni da idonta mai dogon gashi, ta haɗiye abinta, ta wuce. Daga ranar in na yi jinkiri a baya, namijin yakan tsaya kamar mai jira. Taubashina da ya ji haka ya same ni a bakin rijiya, wannan karon ba da wasa ba. Ya ce tun da sun yarda da ni, ko da sanda zan iya buge su, kowannensu ya fi zakara biyu nama, yarinyar nan ta sha romo. Na daɗe ina juya maganar. Romon kwana biyu ne, bayansa sai tukunya, ga kuma hanin Kaka. Na ce masa a'a, amma ban iya kallon ƙanwata ba da na shiga gida.

Kashegari gwankin ya fito. Muna kiwo mu uku a gefen fadama, sai ga shi daga cikin sabara, yana takawa a hankali. Ya dube mu kamar yadda ya dube ni ran nan, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tsinkar 'yar ciyawar da ta rage. Ya matso har ina jin numfashinsa, ina ganin ƙudaje a gefen idonsa da tabon wani tsohon rauni a kafaɗarsa. Ga nama a gabana, bindiga tana ƙarƙashin tabarmar Kaka. Na ci gaba da kifar da duwatsu, hawaye yana zuba a ƙasa ta ƙarƙashin bakin icce. Da na ba Kaka labari, sai ya ɗaga tabarma ya miƙo mini bindigar. Sai kuma gwankin ya ɗauke ƙafa. Na yi ta fita da bindiga a ɗaure a cikina, babu shi babu sabon sawunsa. Iska ta fara juyawa tana kawo ƙanshin damshi, gajimare yana taruwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa. Ruwa yana tafe, ranar kasuwa kuma ta zo.

Ran nan na hango gwankin tun da hantsi, can a ɗaya gefen fadamar, a tsaye a inuwar wani marke. Tsuntsayen kuwa, kamar da gangan, suka ba shi baya suka nufi wani fili da wuta ta ci, inda ƙwari suke da yawa. Wannan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a rayuwata, ban kuma cire jarrabawar makaranta ko gudun hijira ba. In na rabu da su na nufe shi, na koma gwauro, zai gane ni kafin in yi rabin hanya. In na bi su, ina nisantar abin da na zo nema a ranar da ba ni da wata bayanta. Na juya masa baya na bi su. Rana ta take, muka fake a inuwa, suka buɗe baki suna haki, ni ma harshena ya bushe. Azahar ta wuce ni a durƙushe, sai daga baya na rama. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya, domin ɗan burtu ba shi da dalilin waiwayen gwanki. Abin da na riƙe kawai shi ne, na san itacen da suke kwana, na kuma san hanyarsa ta gindin dutsen ruwa take bi.

Bayan la'asar suka juya. Muka dawo muna kiwo, kaɗan-kaɗan, da tsayawa da komawa baya, ni ina jin kowace tsayawa a ƙirjina. Na kaɗa ɗan ƙullin toka a ƙarƙashin zane, ta tashi ta nufo ni. Iska tana tare da mu. Da muka zagayo dutsen, ga shi a bakin ruwa, ya sha, yana tsaye ruwa yana ɗiga daga bakinsa. Ya fuskance mu, ƙirjinsa kawai nake gani, ɗuri ɗaya kuwa ba a jefa shi a kan tsammani. Na sari ƙasa, na kifar da dutse, na jira. Namijin burtun ya wuce ta gabansa, gwankin ya juya kai ya bi shi da kallo, sa'an nan ya taka ya ba ni haƙarƙari. Na zame bindigar a hankali, na yi bisimilla, na ja kunama.

Hayaƙi ya rufe mini ido. Abin da na fara gani da ya washe shi ne tsuntsayen nan biyu a sama, farin da yake ɓoye a fikafikansu ya bayyana. Gwankin ya yi gudu kaɗan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, yana kaɗa ƙaho hagu da dama, don ko a bakin mutuwa ba a tunkararsa ta gaba. Na zagaya ta bayansa, na jefa masa baƙin zanen a fuska, ya natsu. Na ce masa ya yi haƙuri, kamar yadda Kaka yake yi, na ambaci sunan Allah na yanka. Na rufe shi da ƙaya, na yanke wutsiyar, na kama gudu da ƙafafun da suka kusa manta tsayuwa, rana tana gangarawa a bayana.

Abin da na tarar a gida ba zai bar idona ba. An fito da tukunyar tsakar gida, ga turmi an wanke, ga Inna a tsaye da taɓarya. Kaka kuwa yana zaune daram a kan tukunyar, ya miƙe ƙafafunsa, yana jan carbi. Ashe tun da hantsi, da ya ga ta fito da ita, ya sa yara suka ɗaga shi suka ɗora a kai, ya ce ai ita ta ce sai rana ta faɗi, shi kuma nan ya ga ya fi masa daɗin zama. Suruka ba ta taɓa jikin uban mijinta, ba ta kuma ce masa tashi. Haka suka wuni, ita tana kallon inuwa, shi yana kallon ƙofa. Na ajiye wutsiyar a gabansa. Ya ɗauka ya shafa gashinta, ya ce, “Gwauro, ka daɗe. Zo ka ɗaga ni, ƙafafuna sun mutu tun azahar.” Inna ta jingine taɓarya a bango, ta ce wa ƙanwata a kai wa wancan ruwa.

Maza suka ɗaura amalanke suka ɗauko gwankin. Aka fitar da ƙafar gaba ta Sarkin Baka yadda al'ada ta tanada, aka aika wa maƙwabta, har da tsofaffin bakin masallaci, waɗanda suka aiko a gaishe musu da iyayena. Taubashina shi ya yi fiɗa, ya kuma ɗauki tsoka mai kyau ya ce rabon ubangida ne a kan farautar bawansa. Ƙanwata ta sha romo. Sauran aka yi banda, hayaƙi ya tashi a gidanmu har mutane suna tsayawa a hanya don su shaƙa. Wani mai hatsi daga Wagini ya zo da jakunansa, ya ɗauki bandar da fatar, ya sauke mana dawa. Ba mu ƙoshi ba, amma mun daina ramewa, tukunya kuma ta koma ƙuryarta da yaɓenta. Na koma fadamar kafin a rufe daji, ba bindiga, na durƙusa daga nesa. Tun ban gama ɗaura kan ba tsuntsayen suka tashi. Ba su ƙara yarda da ni ba, gwanki kuma ban sake ganin wani ba har yau.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba, mai ƙarfi, wanda ya kai damshi har tsawon hannu. Babana bai riga ya iso ba, saboda haka Kaka ne ya fasa yaɓen da sandarsa. Aka sheƙe tokar, gero ya fito fes, ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba. Muka fita gona, na ɗauki sungumi zan fara sara, Inna kuma bisa al'ada za ta biyo baya tana zuba iri tana binnewa da diddige. Sai na ji ta tsaya. Ta miƙo mini ƙwaryar, ta dube ni ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta ce, “Kai ka fara zubawa.”

Kaka ya ci tuwon geron nan kaka biyu kafin ya rasu, Allah ya ji ƙansa, bai ga abin da dajinsa ya zama ba. Ranar da muka bar ƙauye ba shiri, Inna ba ta ɗauki tukunyar girki ba, ƙullin iri ta fara ɗaurawa a ƙugunta. Ni na ɗauko kan burtu, yana nan rataye, 'ya'yan idon zakaran suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Inna tana shuka 'yan kunyoyi a bayan gidan da muke zaune. A 'yan shekarun nan kuwa geron ya yi farin jinin da bai taɓa yi ba, domin duk wanda yake noma kusa da daji yana son abin da zai nuna da wuri, ya yanke ya bar gona. Da bazara mutane sukan zo daga Darini da ƙauyukan Safana, su yi sallama, su gaisa doguwar gaisuwa, sa'an nan su kawo maganar iri. Ba ta hana kowa. Takan cika musu 'yar ƙwarya, in suka fara godiya ta katse su, ta nuna ƙofar ɗakina da baki, ta ce ba ita za su gode wa ba, na wancan ne.